Kan mushe ɗaya, tumaki 4

Har yau idan na bi ta kwazazzabon nan da kare raina yakan ɓaci. A nan na tsaya ina kallonsa yana gwaguyar kan mushen tunkiya, ba abin da na yi sai daka masa tsawa daga nesa. Da ya ƙi zuwa sai na ci gaba da tafiyata, tunda na san zai biyo ni. Ya kuwa biyo ni bayan minti 10 yana lasar baki. Kafin wata 7 ya cika na rasa 4 daga cikin 'yan tumaki 11 da na yaye a shekarar.

Wadda ta fara nuna alama wata ce mai wata 9. Sai ta riƙa zama a baya idan an kora su kiwo, kanta a karkace gefe ɗaya. Tana cin abinci, jikinta ba zafi, ba zawo, ba majina. Bayan mako 2 ta fara zagaye wuri ɗaya, kullum ta ɓangaren hagu, kuma idan na kai hannu kusa da idonta na dama ba ta ƙiftawa. Wani lokaci ta dafa goshi a bango ta tsaya shiru. Na ware ta don kada ta shafa wa saura, na yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta kwana 5, na bi da bitamin B1. Duk a banza. Ashe ciwon ba ya tashi daga tunkiya zuwa tunkiya. Ni ina ta gyara mata ɗakin jinya, mai raba cutar, wato karen, yana kwance a kan busasshiyar ciyawar da nake ba su.

Sai da ta biyu da ta uku suka fara kafin na kira likitan dabbobi. Ya danna ƙoƙon kan ta farko da babban yatsa, dab da tushen ƙaho, ƙashin ya lotsa kamar kwali. Da aka yanka ta ya tsaga kan a gabana. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wata jakar ruwa garai-garai, ta kai girman ƙwan kaza, ta ture naman ƙwaƙwalwa gefe. A jikin jakar ta ciki akwai fararen ɗige-ɗige a dunƙule. Kowane ɗigo kan tsila ne, wato doguwar tsutsar cikin nan mai faɗi da gaɓa-gaɓa, kuma jaka ɗaya takan ɗauki sama da 100. Bai tambaye ni me tumakin suke ci ba. Cewa ya yi, "Malam, ina karenka yake kashi?"

Sunan tsutsar a wurin likitoci Taenia multiceps, kuma rayuwarta tsakanin kare da tunkiya take. Kare ya ci ƙwaƙwalwa mai jakar ruwa, kawunan su manne a hanjinsa, su girma su kai tsawon santimita 40 zuwa mita 1. Bayan kamar mako 6 sai gaɓoɓin da ke cike da ƙwai su fara fita a kashinsa. Tunkiya ta haɗiye ƙwan a ciyawa ko ruwa, ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa ko lakar baya. Daga nan jakar takan ɗauki wata 2 zuwa 6 tana girma kafin a ga alama. Ciwon ya fi kama tumaki masu wata 6 zuwa 18, da wuya a gan shi a wadda ta wuce shekara 3. Shi kuma karen lafiyarsa ƙalau, gashinsa na sheƙi, yana hawan dutse ba ya ko haki. Wannan tazarar ce ta ɓatar da ni. Wa zai haɗa juwar tunkiya da abin da kare ya ci wata 5 da suka wuce?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ba karen maganin tsutsa a kan kari, duk wata 3. Da na ɗauko kwalin muka duba, pyrantel ne kaɗai a ciki. Yana kashe macijin ciki da masu kama da shi, amma ba ruwansa da tsila. Haka ma ivermectin, wanda mutane da yawa ke ɗauka maganin kowace tsutsa ne. Mai kashe tsila a kare shi ne praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo 1 na nauyinsa. Nawa kilo 18 ne, yana buƙatar miligiram 90, don haka ƙwaya 2 masu miligiram 50 nake ba shi. A auna karen, kada a kintata. Ka hau ma'auni kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire na farko daga na biyu. A kuma karanta sunan sinadarin da ke bayan kwali, hoton kare da ke gaba ba ya gaya maka komai.

Ko da maganin daidai ne, wata 3 ya yi nisa. Praziquantel yana kashe tsutsar da ya tarar ne kawai, ba ya zama a jiki ya tare ta gobe. Tunda mako 6 ya ishi sabuwa ta fara zuba ƙwai, duk karen da ke yawo a daji kuma yake shiga cikin tumaki sai an ba shi kafin wannan wa'adin ya cika. Ni duk mako 4 nake ba shi, na rubuta ranar a bangon ɗakin kaya. Kuma maganin ba ya kashe ƙwan, korar tsutsar yake yi da ƙwanta a raye. Saboda haka bayan bayarwa nakan ɗaure shi kwana 2 a wuri mai daɓe, nesa da garke, in kwashe kashin da shebur in ƙone. A karon farko na ga gutsattsarin tsutsar da idona.

Tumakin da suka riga suka kamu kuwa, maganin tsutsar da ake ɗura musu a baki ba abin dogaro ba ne a kan jakar da ta girma. Idan tana kusa da ƙashi har ana jin lotsawar, likita na iya huda wurin ya zuƙe ruwan ya zaro jakar, wasu kuma suna tashi. Nawa ɗaya aka gwada wa, ba ta kai labari ba. Sauran na yanka su tun ba su rame ba, kawunan da ƙashin bayan na ƙone su ƙurmus. Abin lura kafin a yanke hukunci: ba kowace juwa ce wannan ba. Wadda ta zo farat ɗaya da zazzaɓi, kunne ɗaya ya faɗi, miyau na zuba, ta fi kama da listeriya, wani ciwon ƙwayoyin cuta da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a yi allura da wuri ba. Wadda ke ɗaga kai sama tana makancewa kwatsam takan zama ƙarancin B1, kuma allura na tashinta cikin kwana 1 ko 2. Ta jakar ruwa a hankali take tafiya, mako bayan mako, ba zazzaɓi.

Yawon ban daina ba, kare mai tsaron dabbobi idan bai gaji ba shi zai hana su sakat. Amma yanzu da igiya mai tsawon mita 10 nake fita, kuma a wurare 2 da na san ana jefar da mushe nakan sa masa takunkumi. Mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa. Na ƙyalle mai matse baki ba na tafiya ba ne, da haki kare ke fitar da zafi, idan ka hana shi a kan hawa sai ya faɗi. Mako 2 na yi ina sa masa a gida na 'yan mintuna, da ɗan abin taunawa a ciki, kafin ya daina ƙoƙarin cire shi. Idan na ga ungulaye na shawagi, ko ya ɗaga hanci ya tsaya cak yana fuskantar iska, nan take nake naɗe igiyar. Yana jin warin tun ban ga komai ba, kuma kira ba ya aiki idan ya riga ya sa baki. A ranar nan minti 10 kawai na ba shi.

A gida ma an sauya abubuwa. Ɗakin ciyawa ya sami ƙofa. Kwamin ruwa da na abinci na ɗaga su daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. Da safe nakan ciyar da shi in kai shi wuri ɗaya ya yi kashi kafin a buɗe garke. Ƙaramin filin da ke bayan garke, inda yake yawan tsugunawa, na hana ƙananan shiga har wata 3, domin ƙwan yana daɗewa a inuwa mai danshi, rana da bushewa ne ke kashe shi. Dabbar da ta mutu a rami mai zurfin fiye da mita 1 nake binne ta, nesa da ruwa, in ɗora duwatsu, don karnukan maƙwabta da dila su ma suna ɗauke da tsutsar. Kai ko kayan ciki ba ya shiga bakin kare ɗanye, sai ya tafasa minti 30. Yara kuma ba mai cin abinci sai ya wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi, saboda ƙwan irin waɗannan tsutsotsi yana iya yin jakar ruwa a jikin mutum.

Sauran 7 ɗin na zuba musu ido har suka shekara 2. Kowace safiya nakan tsaya a bakin ƙofa in ga wadda za ta fito a ƙarshe, in kai hannu kusa da kowane ido. Duka suna ƙiftawa. Mushen kuwa na koma na tarar da sauran ƙasusuwan, na tattara na binne a wurin.