Don Allah kar a rushe tsohon cocinmu na laka

Maganar da ake ta yi a ƙauyenmu nan kudancin Gombe ita ce wai tunda sabon coci ya kusa kammaluwa, sai a ture tsohon a yi filin ajiye motoci da babura. Ni dai raina bai kwanta da wannan ba sam, kuma ina so in faɗi dalilina.

Da yawa cikin matasanmu sun ɗauka Katolika a nan tun fil azal haka take, da farish da Fada, wato limamin coci, da gidan Fada. Ba haka ba ne. Fadannin SMA, wata ƙungiyar mishan ta Katolika, sun sauka Shendam ta jihar Filato ta yanzu ne a 1907, daga can abin ya riƙa yaɗuwa a hankali ta Jos, kuma mu nan ƙasar Tangale ƴan mishan na SIM, waɗanda cocin ECWA ta fito daga aikinsu, sun riga su zuwa nesa ba kusa ba, shi ya sa har yau ECWA ta fi yawa a wajenmu. Shekaru da yawa muna ƙarƙashin Jos, sai 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, aka yanke mana yankin coci na Bauchi da Bishop John Moore ɗan Ailan a kai, sannan a 2003 ta zama cikakkiyar dayosis da ta haɗa Bauchi da Gombe. Bayansa aka yi Bishop Malachy Goltok, sai Bishop Hilary Dachelem daga 2017. To duk tsawon lokacin da Fada ke can nesa, sai an yi makonni ba a gan shi ba, wa ya riƙe mutane? Katikis ne, wato mai koyar da addini, da wannan ɗakin na laka.

Tsofaffi sun ce da farko rumfar zana ce a gindin tsamiya, daga baya aka yi gayya aka gina wannan, maza na kwaɓa ƙasa da ciyawa suna yin tubali, mata na ɗebo ruwa daga rafi, ba ɗan kwangila ba zanen injiniya, magina ne na gari da suka saba gina ɗaki da rumbu suka ɗaga shi da ilimin da suke da shi. Kaurin bangon ya kai kamu guda daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, haka ake yi don ginin laka ya ɗauki nauyin kansa. Da jinka aka rufa, sai daga baya aka sa kwano, amma azarar giginyar da ke ciki tana nan daram, gara ba ta cin ta. Tagogin ƙanana ne, masu murfin katako, kuma a saman ƙofa an bar rami a bango mai siffar gicciye, iska na shiga ta nan haske ma na shiga. Ku shiga ciki a watan Afrilu da tsakar rana, lokacin da Gombe ke tafasa, za ku ji sanyi kamar cikin randa. Sabon namu na bulo da silin da fanka fa, da zarar an ɗauke wuta kowa sai ya koma fifita da takardar waƙa.

Amma abin da ya fi taɓa ni yana wajen bagadi. In ka zagaya bayansa ka duba bangon da kyau za ka ga shacin wani dakali da aka sassare, yaɓen wajen ma launinsa daban. Nan ne bagadin farko yake, manne da bango, lokacin da Fada ke juya wa jama'a baya yana yin Mas da Latin. Bayan babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka jawo bagadi gaba, Fada ya fuskanci mutane, aka fara addu'a da Hausa, ganga da tulu da kacau-kacau suka shigo ciki. Abin da aka yanke a Roma ga alamarsa a bangon ƙauyenmu, kana iya shafa ta da hannunka. Duk ajin katikisim ɗin da za a yi wa yara ba zai nuna musu wannan kamar yadda bangon zai nuna ba.

Ga hotunan Hanyar Gicciye 14, ƙanana, sun koɗe, wasu gilashinsu ya fashe. Ga dakalan zama na ƙasa, maza gefe guda mata gefe guda, sun yi sumul saboda zama. A waje kuma ƙarfen tayar mota na rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarmu, shi ake bugawa ƙarfe shida na safe.

Na san hujjar masu cewa a rushe, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Mun yi yawa, ranar Ista ko bikin godiya rabin mutane a waje suke tsayawa, kwanon na yoyo, bangon gabas ya tsage saboda ruwan sama na dukansa, kuma ginin laka kullum yana son yaɓe kafin damina, matasan da za su yi kuwa duk suna Gombe ko Abuja. Sabon coci dole ne, ni ma na ba da nawa baikon. Sai dai gina sabo bai ce a ture tsoho ba, fili muna da shi har ya yi yawa ta bayan gidan Fada.

Kuɗin gyaran ba wani abu ba ne in aka kwatanta da abin da muka kashe a tayil kaɗai. A canza kwanon da ya ruɓe, a ƙara masa baki ya fito ya kare bango, a yi magudanar ruwa a gindi, kuma don Allah kar wani ya ce a shafe shi da siminti, siminti na riƙe danshi a cikin laka har bangon ya ruɓe ta ciki ba a sani ba. Ƴan Zumuntar Mata sun riga sun ce su za su ɗauki daɓe. Sai a bar shi don Mas ɗin safiya na tsakiyar mako da rosari da ajin yara masu shirin baftisma.

Kwamitin coci zai zauna kan maganar bayan girbi. Ƴan gida da ke birni, ku kira iyayenku ku faɗa musu ra'ayinku tun yanzu, wanda kuma yake da tsohon hoton ginin, ko na aure ne ko na baftisma, ya turo a haɗa a kai wa Fada kafin zaman.