Tafiyata Zuwa Shark Bay, Inda Teku Ya Yi Zazzaɓi

Na bar birnin Perth da asuba na nufi arewa, tafiyar fiye da kilomita 800 a mota, domin in ga abin da zafin shekarar 2011 ya bari a gaɓar yammacin Ostareliya. Na kwana a Kalbarri, inda masu nutso ke cewa kurmin kelf, wani dogon tsiron teku, da ya rufe duwatsun ƙarƙashin ruwa ya ɓace, har iyakarsa ta ja baya zuwa kudu da kimanin kilomita 100. Washegari na isa Denham, ƙaramin garin da ke bakin Shark Bay, wani ɓangaren teku da ya kutsa cikin ƙasa.

Wani dattijo mai kwalekwale ne ya fita da ni. Ruwan Shark Bay ba shi da zurfi, matsakaicinsa kimanin mita 9 ne, kuma irin wannan ruwa na gefen nahiya shi ne ke saurin ɗaukar zafi, tamkar ruwan da aka zuba a faranti aka ajiye a rana. A farkon 2011, La Nina, wani sauyin yanayi da ke tasowa daga tekun Pasifik, ya ƙara wa igiyar ruwan Leeuwin mai gudana a gefen wannan gaɓa ƙarfi, ta kwararo ruwan ɗumi daga arewa, zafin teku ya haura yadda aka saba da digiri 2 zuwa 4 na tsawon makonni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ciyawar teku ya lalace, aka kuma rufe kamun ƙaguwa na wani lokaci.

Da muka yi nisa, dattijon ya kashe inji ya ce in leƙa. A gefe guda ciyawa ce kore shar tana rausaya, ƙananan kifaye suna shawagi a cikinta. A ɗaya gefen kuwa farin yashi ne fetal, babu ko tsiro. Ya ce da can duk wurin a lulluɓe yake. Na daɗe ina kallon layin da ya raba su, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai, domin wannan ciyawa ita ce abincin dugon, wata dabba 'yar uwar ayu, da mafakar kunkurun teku, kuma irin wannan ciyawa ba ta dawowa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daga sama ruwan garau yake, ba alamar wata ɓarna, alhali teku ne ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ke tarawa. Muna shirin juyawa sai wani dugon ya ɗago hanci ya shaƙi iska, ya nutse ya nufi ɓangaren da ciyawa ta rage.