Motar da Ke Warkewa a Ƙofar Gareji

Motar da aka jawo da igiya zuwa garejinmu a Suame Magazine, a nan Kumasi, ba ta cika ba ni wahala ba, domin ciwonta a fili yake. Mai cin rai ita ce wadda ta shigo da ƙafarta, injin yana bugawa lafiya lau, amma direba yana rantsuwa cewa jiya a hanyar Techiman ya taka totur har ƙasa ta ƙi ja, da ya kashe ya sake kunnawa kuma ta koma daidai kamar ba ita ba. Shekarun da na yi a kan injin dizal sun koya mini cewa irin wannan ciwo ba a gane shi sai a lokacin da ya motsa, saboda haka aikin bakanike na farko shi ne ya san yanayin da ke tayar da shi.

Shi ya sa ba na ɗaukar sifana sai na zaunar da direba. Ina tambayarsa ko a kan hawa abin yake faruwa, da kaya ko babu kaya, injin da sanyi ko bayan ya yi zafi, tanki a cike ko ya kusa ƙarewa, kuma a ina ya sha mai na ƙarshe. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta hayaƙi. Injin dizal mai da iska yake ci, kuma idan ƙarfi ya ragu salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, galibi iska ce ta yi kaɗan: ko filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, ya maƙale da kunkunniya, ko tiyon turbo ya tsage. Wannan tsagewa tana da wayo, domin ba ta buɗewa sai turbo ya cika tiyon da iska a kan hawa, a tsaye kuwa ba za ka ga komai ba sai ɗan danshin baƙin mai a gefenta. Na sha samun haka a motocin Sprinter da ke jigilar fasinja. Idan kuwa ƙarfi ya ragu babu hayaƙi, hankalina yana komawa ga hanyar mai.

Dawowar ƙarfi bayan an kashe an kunna tana da dalili. Kwamfutar motar ce ta ga wani awo ya kauce, ta rage wa injin ƙarfi don kada ya lalace, kuma takan bar lambar matsalar a ajiye. Sai dai a nan ne da yawa daga cikinmu suke yi wa mai mota asara. Lambar P0087 tana cewa matsin mai a bututun da ke raba wa injekta, masu fesa mai cikin injin, ya yi ƙasa, P0299 kuma tana cewa iskar turbo ba ta kai ba. Babu wadda ta ce famfon mai ko turbo ya mutu. A injin zamani matsin nan yana kai 1,600 ko fiye a ma’aunin matsi na bar idan mota tana jan kaya, alhali a tsaye bai cika wuce 300 ba, don haka hanyar mai da ta ɗan toshe tana iya ciyar da injin a gareji ta gaza a kan tudu.

Wani dattijo daga Aboabo ya kawo mini Hilux da aka riga aka sauya wa injekta da filta a wani wuri, ciwon kuma yana nan. Ya ce, “Masta, ka sa famfo sabo kawai, na gaji.” Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri mu fita da ita tukuna.” Na sa farin tiyo da ake ganin cikinsa kafin famfo, na ba yarona na’urar awo ya riƙe, muka hau hanyar Offinso da tanki ƙasa da rabi. Da ƙarfin motar ya faɗi, awon matsi ya faɗi tare da shi, kumfa kuma ta bayyana a tiyon. Muka tsaya, muka haɗa injin da galan na mai mai tsabta, motar ta haye tudun ba gardama. Da aka sauke tanki, sai ga guntun leda yana yawo a ciki. Idan famfo ya ja da ƙarfi ledar tana manne wa bakin bututu, idan an kashe injin ta saki. Kumfar kuwa daga wata tsohuwar mahaɗa ce da ke zuƙar iska idan jan ya yi yawa, kuma irin wannan wuri ba ya ɗigar da mai, shi ya sa ido ba ya kama shi.

Akwai ƙananan abubuwa da nake dubawa a kowace mota: ruwan da ke kwanciya a ƙasan filta, numfashin tanki idan ya toshe, wanda ake ganewa da ƙarar iska in an buɗe murfi, da wayoyin sensa da ramukan hanya suka goge, waɗanda nake girgizawa ɗaya bayan ɗaya injin yana aiki.

Motocin da ake shigowa da su daga Turai sun ƙaro mana wani abu. Waɗanda aka ƙera a ƙarƙashin ƙa’idar Euro 5 ta rage hayaƙin mota, wadda ta fara aiki a 2009, suna da matatar kunkunniya a salansa, kuma tana bukatar doguwar tafiya da zafi kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da ke wuni a cunkoson Kejetia ba ta samun wannan dama, sai matatar ta cika, kwamfuta ta rage ƙarfi. Idan awo ya nuna haka, nakan fara da wanke matatar da duba sensarta, sannan in gaya wa mai motar ya riƙa fita da ita babbar hanya lokaci zuwa lokaci.