Kai ɗaliban lafiya unguwannin awon igiya: abin da aikin ya koya mana

Tura ɗalibai cikin jama'a su koyi aiki suna hidima ya daɗe a jami'o'inmu. Jami'ar Ilorin ta yi suna da irin wannan shiri nata mai suna COBES, jami'ar UDS ta Tamale a Gana kuwa, wadda aka kafa a 1992, zango guda take warewa a shekara don wannan. Sai dai yawancin irin waɗannan tsare-tsare da ƙauye aka auna su, inda ɗalibi zai kwana a garin, ya sha ruwan da kowa ke sha. Unguwar awon igiya a birni kamar Kano daban take: lungu a matse, kwata a buɗe, ruwa sai na 'yan garuwa, gidan haya ɗaya da iyali shida ko bakwai. Motar makaranta ta sauke ɗalibai da hantsi, ta kwashe su kafin la'asar. Baƙi ne kullum, kuma unguwar ta ga baƙi masu takarda da biro har ta gaji.

Shiga tana da ƙa'ida, kuma malami ne ke yin ta tun kafin ɗalibai su iso. Takarda zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hakimi, dagaci, mai unguwa. Bayan su liman, kwamitin lafiya na mazaɓa, da ungozoma, wadda ta fi kowa sanin gidan da aka haihu da gidan da aka yi rashi. A nemi mai unguwa ya ba da ɗan rakiya. A gaya musu ƙarara abin da za a yi da abin da ba za a yi ba: ba rabon kuɗi, ba rajistar tallafi. In ba a faɗi haka ba, da an ga ana rubuta sunaye sai a ɗauka rabo ne, kowane gida ya ƙara yawan mutanensa, lissafin ya lalace tun ranar farko. Zargin da ake yi wa baƙo mai kayan asibiti ma yana da tushe. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar har cikin 2004. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ji haushin uwar da ta ce sai maigida ya dawo ba.

Gidan da aka rubuta "ba shiga" mace ce ke shiga, don haka kowace tawaga ta zama da ɗaliba, aƙalla ɗaya mai jin Hausa sosai. Maza kuwa da rana ba sa gida. Wanda ke son jin ta bakinsu sai ya same su a majalisa bayan la'asar ko ƙofar masallaci. Lokacin da ya fi kyau ga mata shi ne daga ƙarfe 10 zuwa azahar. A bar Juma'a.

Takardar tambayoyi ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. A fassara ta zuwa Hausa tun a aji, a gwada ta a wata unguwar dabam, don kada kowane ɗalibi ya riƙa fassarar kansa a tsakar gidan mutane. Kada ta wuce minti 20, domin mai gidan tana da tukunya a wuta. Kalmar "gida" kanta tarko ce: a gidan haya, abin ƙirgawa shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. Tambayar "'ya'yanki nawa?" takan dawo da amsa a rage, saboda alkunya na sa uwa ta tsallake ɗan fari, wanda aka ba riƙo ma ba a sa shi, wanda ya rasu kuwa ba a ambata sai an tambaya da ladabi, an yi addu'a. Gara a bi haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Shekarun yaro a nemo su daga katin rigakafi. In babu, a auna da azumi, Babbar Salla ko damina. Allurar rigakafi kuma a duba kati, kada a tsaya ga "an yi masa": ta sati 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9. Sau da yawa abin da uwa ke nufi ɗigon shan inna ne da aka bi gida-gida.

Awon damtse, da ake yi da tef mai launi uku don gano tamowa, yana da sauƙi har ɗalibai kan raina shi. Na yara ne 'yan wata 6 zuwa 59. Ana auna tsakiyar hannun hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, tef ɗin ya kwanta a fata ba tare da ya matse ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. Matsewa kaɗan ta isa ta mai da lafiyayyen yaro mara lafiya a takarda. A danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3 don duba kumburi. In gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, wannan yaro na asibiti ne ko da tef ya nuna kore. Hawan jini ma haka: mutum ya zauna minti 5, a auna sau biyu, kuma awon yini ɗaya da ya kai 140/90 dalilin turawa asibiti ne, ba dalilin ce wa dattijo yana da hawan jini ba.

A nan ne darasin da ya fi kowanne nauyi yake. Kada a auna abin da ba a shirya masa hanya ba. Kafin tef ya taɓa hannun yaro ko ɗaya, malami ya riga ya san wane asibitin sha-ka-tafi ne ke ba da abincin tamowa, wace rana, kuma akwai shi a wannan watan ko ya yanke. A yi takardar turawa mai kwafi biyu, a ware kuɗin adaidaita sahu, a sa ɗalibin da ya gano yaron ya koma gidan bayan kwana 3 ya ji ko an je. Gaya wa uwa ɗanta yana cikin haɗari sannan a hau mota a tafi zalunci ne, komai kyan makin da aka samu a rahoto.

Rabon magani na yini ɗaya, da rumfa da hotuna, shi ne abin da ɗalibai suka fi so, amfaninsa kuwa kaɗan ne. Maganin hawan jini na sati biyu ba ya tsinana komai ga cutar da ake sha wa magani har abada. Koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa ya fi shi nisa, in an yi shi da hannu: fakiti ɗaya a lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, a zubar da ragowar bayan awa 24, a haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Uwar ce za ta haɗa, ɗaliba tana kallo. Kuskuren da aka fi gani shi ne zuba fakitin duka a kofi ɗaya, gishiri ya yi yawa, ya ƙara wa yaron wahala. Hoto kuwa sai da izini, yaro mai tamowa ba ya hawa Facebook.

Sakamakon binciken na unguwa ne kafin ya zama na jami'a. A koma ƙofar mai unguwa a karanta shi da Hausa, a zaɓi matsala ɗaya da su da kansu suka yarda za a iya taɓawa, ko yashe kwata kafin damina, ko bin yaran da suka tsallake allura. Wajen ba da maki, a ba komawa gidajen da aka tura asibiti kaso mai tsoka, domin abin da ake ba maki shi ɗalibi ke yi. Sashen jami'a ya riƙe unguwa ɗaya shekaru a jere, da littafin miƙa aiki: taswirar lunguna, gidajen da aka shiga, waɗanda suka ƙi, alkawarin da aka ɗauka da wanda bai cika ba. Rukunin da zai zo baɗi ya fara da shafin alkawuran da ba su cika ba kafin a buga masa sabuwar takardar tambayoyi.