Dala ashirin ɗina da zaman da ba a gayyace ni ba

Duk shekara in takardar harajin gida ta zo, akwai wani ɗan layi da yawancin maƙwabtana ba sa ko kallonsa, wato kuɗin gidan zane-zane na birnin Detroit a jihar Michigan ta Amurka, wanda ake kira DIA. A 2012 ne mutanen gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wannan haraji, aka kuma sabunta shi a Maris 2020. Mai gidan da ya kai dala 200,000 yana biyan kusan dala 20 a shekara, in an tattara kuwa, abin ya haura dala miliyan 20. Mu kuma mazauna nan muna shiga kyauta, lasisin tuƙi kawai za ka nuna a ƙofa.

Wallahi kuɗin ba ya yi mini ciwo. Nakan kai yara su ga zanen da Diego Rivera ya yi a bango tsakanin 1932 da 1933, na ma'aikatan masana'antar Ford. Ƙaramin cikinsu ba ruwansa da injina, sai ya ɗaga kai yana ƙirga manyan hannayen nan da ke fitowa daga ƙasa a can sama.

Abin da ke damuna shi ne ɗakin da ake yanke shawara. Jihar Michigan tana da dokar 1976 da ta wajabta wa hukumomin gwamnati su yi zamansu a bainar jama'a. Hukumar makarantu da majalisar gari duk suna ƙarƙashinta. Kwamitin amintattun DIA ba ya ciki, don a takarda ƙungiya ce mai zaman kanta. Ƙananan hukumomin da gundumomi suka kafa don miƙa kuɗin suna zama a buɗe, amma su masu miƙawa ne, ba su ke tsara yadda za a kashe ba.

A 2014 mutane suka ji cewa a 2012, shekarar da aka roƙe su haraji, an ƙara wa daraktan wancan lokacin, Graham Beal, kashi 13 cikin ɗari a abin da yake karɓa. Ban ce bai cancanta ba. Amma sai bayan shekara biyu labarin ya fito, lokacin da birnin ke fama da shari'ar fatara, tsofaffin ma'aikata na jiran jin nawa za a zaftare musu a fansho. Dole rai ya ɓaci.

Masu adawa da buɗe zaman suna da hujja, ban raina ta ba. Attajiri mai son ba da kyauta a ɓoye ba zai so a ambaci sunansa gaban 'yan jarida ba, kuma in dillalai suka ji nawa gidan ya ware don sayen zane, farashi ya tashi ke nan. To ai dokar kanta ta yarda a rufe ƙofa a wasu lokuta, kamar ganawa da lauya kan ƙarar da ke kotu. Majalisar dokokin jihar da ke Lansing sai ta ƙara cinikin zane da sunayen masu kyauta a cikin jerin.

Sauran kuwa, albashi, kasafin kuɗi, motocin da ke ɗauko ɗalibai, wace unguwa aka kai wa shiri wace aka tsallake, a liƙa ajanda kafin zama, a jera kujeru a baya, a wallafa abin da aka tattauna. Ni da nake aikin dare, da wuya in samu zuwa. Maƙwabciyata, tsohuwar malamar makaranta da ba ta fashin zaman majalisar gari, ita kam za ta je da littafinta da biro.