Heidi da karen Flanders ne suka buɗe min bakin mutanen Nagoya

A birnin Nagoya na ƙasar Japan mutum zai iya shafe makonni bai yi hirar kirki da kowa ba, alhali kullum cikin jama'a yake. A jirgin ƙasa kowa ya sunkuyar da kai kan waya. A wurin aikinmu, inda muke kwance tsofaffin motoci muna ware kayan gyaran da za a loda a kwantena zuwa Afirka, gaisuwa ce kawai da safe, sai ta tashi da yamma. Ga wanda ya taso a Zariya, inda sayen tumatir ma sai an tambayi lafiyar iyali, wannan shirun ya fi sanyin Janairu shiga jiki. Ranar Juma'a a masallaci kaɗai nake sakewa.

Wata dattijuwa da ke koya mana Japananci kyauta a zauren unguwa ce ta ba ni shawara. Ta ce in bar sababbin anime, wato katun ɗinsu, domin maganar cikinsu ta yi sauri, in nemi na zamanin ƙuruciyarta. Haka na san jerin da suke kira Sekai Meisaku Gekijo, wanda tashar Fuji ta riƙa nunawa duk daren Lahadi. Kowace shekara sai a ɗauki wani tsohon littafin Turawa a mai da shi zane, iyali su zauna su kalla tare. Da Heidi na fara, labarin wata marainiya da ke zaune da kakanta a kan duwatsu, na 1974, mai kashi 52, wanda Isao Takahata ya ba da umarni, Hayao Miyazaki kuma yana cikin masu tsara zanen.

Ran da na ambaci Heidi a lokacin cin abincin rana, wani dattijo da bai taɓa ce min komai ba sai umarnin aiki ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Ya tambaye ni ko na kai inda Clara, ƙawar Heidi, ta miƙe tsaye daga keken guragu. Kafin a koma aiki mutum uku sun shigo maganar, har da gardama.

Gardamar tasu tsohuwa ce, kuma har yau ba ta mutu ba. Wasu suna ganin Takahata ya gyara littafin Johanna Spyri, marubuciyar Suwizaland. A littafin, Peter makiyayin awaki ne ya tura keken Clara daga kan dutse saboda kishi. A zanen an wanke shi, keken ya lalace ne bisa tsautsayi. An kuma ƙara wani ƙaton kare mai suna Joseph wanda babu shi a asali, amma yau Bajapane ba zai iya tuna Heidi babu shi ba. Waɗannan ban damu da su ba. Abin da ya tsaya min a rai, bayan na karanta littafin, shi ne addu'a. A can kakar Clara ce ta koya wa Heidi roƙon Allah, kuma ta hannun Heidi ne kakanta ya daina fushi da mutane ya koma coci. Zanen ya rage wannan sosai. Malamata ta ce an yi haka ne don yaran Japan su fahimta. Na ce mata, "Mama, ni Musulmi ne, amma na ji zafin cirewar. Tsohon nan ba iskar dutse kaɗai ta warkar da shi ba." Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta taɓa karanta littafin ba, za ta nema.

Inda muka fi daɗewa shi ne Karen Flanders na 1975. Labarin wata Baturiyar Ingila ce da ake kira Ouida, ta rubuta shi a 1872. Nello maraya ne mai kai madara birnin Antwerp na Beljiyam da karensa Patrasche. Aka zarge shi da tayar da gobara, kakansa ya rasu, ya faɗi gasar zane, aka kore shi daga gida. A daren Kirsimeti shi da karen suka mutu da sanyi cikin babbar majami'ar garin, a gaban zanen shahararren mai zane Rubens da ya daɗe yana burin gani. Na ga mutum mai furfura idonsa ya cika da ƙwalla yana ba ni wannan labarin. Finafinan da Amurkawa suka yi a kai sun bar yaron da rai, kuma abokan aikina suna ganin wannan cin amanar labari ne. Su kuwa mutanen Beljiyam ba su ma san labarin sosai ba sai da Japanawa masu yawon buɗe ido suka yi ta zuwa suna tambayar inda Nello ya kwanta. Yanzu akwai mutum-mutuminsa da karen a gaban majami'ar.

Na yarda da su cewa kada a sauya ƙarshen, amma dalilinmu ya bambanta. Su kyawun haƙurin yaron suke gani, ya mutu bai ƙullaci kowa ba. Ni garin nake gani, gari guda da ya rufe ƙofa ga maraya a daren sanyi. Idan aka ceci Nello a minti na ƙarshe, an wanke mutanen garin ke nan. Kuma ban iya kallon wannan kashin ban tuna yaran da ke kwana a rumfunan kasuwanninmu lokacin hunturu ba.

Samarin wurin ba ruwansu da wannan duka. Su Dragon Ball suka sani, wanda Akira Toriyama ya fara a 1984, kuma su ne suka nuna min cewa jarumin labarin, Son Goku, da sandarsa da gajimaren da yake hawa daga tsohon labarin Sin na birin nan Sun Wukong aka aro su. Babu mai cewa an ɓata asali a nan, don an yi nisa da shi har ya zama wani abu dabam.

Da suka tambaye ni ko muna da irin wannan a gida, na ba su labarin Magana Jari Ce, yadda Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da na Turawa da na Indiya, ya sa musu rawani da babbar riga har muka taso muna ɗauka a ƙofar gidanmu aka yi su. Dattijon nan ya ce in fassara masa guda ɗaya. Japanancina bai kai ba tukuna, don haka muke yi kaɗan-kaɗan a lokacin hutu, ina faɗa yana gyara min kalmomi. Ya fi son aku, yana ta tambaya ko a ƙarshe za a ba shi sarauta.