Batir da sensa kafin robot ya taka ƙasa

Galibin aikin da ake kawo mana shago a Wudil na ɗalibai ne masu haɗa 'yar motar robot da Arduino, ƙaramin allon da ke sarrafa robot ɗin, kuma kukansu ɗaya ne: da zarar tayoyi sun motsa sai allon ya ɗauke ya sake tashi. Yawanci batir ne sanadi. Ƙaramin batir mai bolt 9 ɗin nan mai kusurwa huɗu ba ya iya ba motoci biyu masu juya tayoyin wutar da suke ja a lokacin tashi.

Mu da batirin lithium 18650 muke aiki, guda biyu a jere, bolt 7.4, in sun cika 8.4. Yawanci daga tsohon batirin laftof muke ciro su. Kowanne sai ya hau mitar auna bolt. Wanda ya yi ƙasa da bolt 2.5, ko ya yi zafi wajen caji, ko ya zube cikin mako guda yana ajiye, ba ma saka shi. Na kasuwa masu rubutun 9900mAh kuwa ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai ba ya wuce wajen 3500, nauyinsa kusan giram 45. Lallai a sa musu BMS na batir biyu, wato allon da ke kare su daga wuce ƙima wajen caji da sauka. Allon caji na TP4056 batir ɗaya kaɗai yake caji, kada a ɗora masa biyu a jere.

L298N, allon da ke tuƙa motocin tayoyi, yana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta kai mota, a sa wannan a lissafi. Sensa muna ba su bolt 5 daga LM2596 mai rage ƙarfin wuta, mu haɗe negatif ɗin komai wuri guda, mu liƙa kafasita 100nF a bakin kowace mota saboda hayaniyar wuta.

Sensar HC-SR04 na auna tazara daga santimita 2 zuwa 400. In allon ESP32 ake amfani da shi maimakon Arduino, ƙafar Echo ta sensar tana fitar da bolt 5, allon kuma 3.3 yake ɗauka, sai an rage da rezisto 1k da 2k.

Sensar bin layi ta TCRT5000 ce ke ba mu wahala a nan, domin hasken ranarmu yana makantar da ita. Wadda aka saita cikin ɗaki, a tsakar gida ba ta bambance baƙi da fari. Muna kafa ta 'yan milimita sama da ƙasa, mu kewaye ta da baƙin tef, mu murɗa saitinta a filin da za a yi gwajin. Lokacin hunturu kuma a goge idonta da auduga kafin kowane gwaji, ƙura na kwanta mata da wuri.